Hukuncin da Dalilinsa Ya Gushe: Bahasi a kan Majalisar Masu Zaɓen Shugaban Amurka

Duk bayan shekara huɗu, a ranar Talatar da ta bi bayan Litinin ta farko a watan Nuwamba, mutanen Amurka fiye da miliyan 150 sukan yi sahu a rumfunan zaɓe, ko su aika da takardunsu ta gidan waya, kowa da nufin zaɓen shugaban ƙasa. Alhali kuwa a hukuncin tsarin mulkinsu ba su ne masu naɗa shi ba, wasu mutane ne 538, waɗanda galibin jama'a ba su san ko sunayensu ba, da za su zauna a tsakiyar Disamba, kowace ƙungiya a babban birnin jiharta, su jefa ƙuri'ar da ita kaɗai doka ta sani. Kowace jiha tana da masu zaɓe gwargwadon adadin kujerunta a majalisar wakilai, waɗanda jimillarsu 435 ce, haɗe da kujerunta biyu na majalisar dattawa, sa'an nan birnin Washinton yana da uku tun daga 1961. Wanda ya sami 270 shi ne shugaba, ko da kuwa abokin takararsa ya tsere masa da miliyoyin ƙuri'u a wajen jama'a.

Wannan kuwa ba mas'alar ƙaddarawa ba ce irin wadda ɗalibai suke wasa ƙwaƙwalwa da ita a zaure. Ta auku har sau biyar, a 1824 da 1876 da 1888 da 2000 da 2016. A 2000 Al Gore ya fi George W. Bush da ƙuri'u sama da 500,000 a faɗin ƙasa, amma ratar ƙuri'a 537 a jihar Fulorida ta ba Bush mulki. A 2016 Hillary Clinton ta fi Donald Trump da kusan miliyan 3, shi kuwa ya tashi da masu zaɓe 304, ita 227.

Malaman usulu sun kafa wata ƙa'ida wadda amfaninta bai tsaya ga fiƙihu ba, cewa hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, wato dalilin da aka gina shi a kai, in ta tabbata ya tabbata, in ta gushe ya gushe. Da wannan ma'auni nake nufin auna majalisar masu zaɓe, kuma ra'ayina, wanda ba zan ɓoye shi ba tun daga farko, shi ne cewa dalilan da suka haife ta duk sun mutu, ɗaya daga cikinsu ma abin kunya ne tun yana raye, kuma tsoro guda ɗaya na gaskiya da masu kare ta suke riƙe da shi yana da maganin da ya fi ta.

Mutanen da suka zauna a Filadelfiya daga Mayu zuwa Satumba na 1787 don rubuta tsarin mulki sun sha wahalar wannan mas'ala ƙwarai, suka yi ta kai da kawowa: a bar wa majalisar dokoki ta zaɓa, sai aka ji tsoron shugaba ya zama bawanta; a bar wa gwamnoni ko majalisun jihohi, aka ƙi; James Wilson na Fensilbaniya ya ce a bar wa jama'a, aka kayar da shi. Sai dab da tashi, bayan kowa ya gaji, wani kwamiti ya kawo wannan tsaka-tsaki aka karɓa. Wanda ya san wannan tarihi ba zai ɗauki tsarin a matsayin wata hikima da aka tsara da gangan tun daga tushe ba. Sulhu ne na mutanen da lokaci ya ƙure musu.

Dalili na farko shi ne wanda Alexander Hamilton ya bayyana a maƙala ta 68 cikin jerin maƙalun da aka rubuta don kare sabon tsarin a 1788: a zaɓo mutane kaɗan masu basira da sanin al'amura, su zauna nesa da hayaniya da makircin ƙasashen waje, su yi nazari, su fitar da wanda ya cancanta. Mai karatun da ya taɓa buɗe littafin Ahkamus Sulɗaniyya na Imam Mawardi zai ga ba baƙon tunani ba ne, gama wannan shi ne matsayin ahlul halli wal aƙdi, masu warwarewa da ƙullawa, waɗanda Mawardi ya gindaya musu sharaɗin adalci, da ilimin da za su gane wanda ya cancanci shugabanci da shi, da ra'ayi da hikimar zaɓen wanda ya fi dacewa. Kuma irinsa ne muka gada a masarautunmu, inda Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta suke zama a kan zaɓen Sarkin Kano. Tsari ne mai mutunci, ba na raina shi. Amma ƙimarsa duka tana rataye ne ga abu ɗaya, wato ijtihadin mai zaɓe. In aka cire masa ikon duba da aunawa, aka ce ga sunan da zai rubuta, to ya fita daga sahun masu shawara, ya koma ɗan aike.

Haka kuwa ta kasance tun ba a je ko'ina ba. Da jam'iyyu suka kunno kai a zaɓen 1796, sai kowace ta fara tsayar da masu zaɓen da suka riga suka yi mata alkawari; a 1800 biyayyarsu ta kai har Thomas Jefferson da abokin tafiyarsa Aaron Burr suka yi kunnen doki da ƙuri'a 73 kowanne, majalisar wakilai ta jefa ƙuri'a sau 36 kafin ta raba gardama, abin da ya tilasta gyara na 12 a 1804. A yau mai zaɓe ɗan jam'iyya ne da aka saka wa da wannan girma saboda hidimarsa. Da wasu bakwai suka saɓa alkawari a 2016, jihar Washinton ta ci tarar nata dala 1,000 kowanne, kuma a Yulin 2020 Kotun Ƙoli, ba tare da saɓanin ko alƙali ɗaya ba, ta yanke cewa jiha tana da ikon tilasta wa mai zaɓe bin abin da jama'arta suka zaɓa. Hukuncin kotun daidai ne, domin ba wanda zai yarda mutum ɗaya da ba a san shi ba ya juya nufin dubban ɗaruruwa. Sai dai da wannan hukunci ne aka binne hujjar Hamilton a hukumance.

Dalili na biyu ba ya bukatar dogon bayani. Ƙasa ce mai jihohi 13 da mutane ƙasa da miliyan 4, labari yana tafiya a kan doki, aka ji tsoron manomin Jojiya ba zai san mutumin kirki na Masacusets ba. Yau ɗan takara yana cikin aljihun kowa dare da rana.

Dalili na uku shi ne wanda littattafan makaranta suka daɗe suna ratse shi da sauri, kuma a nan ya kamata a tsaya. James Madison, wanda ake kira uban tsarin mulkin, ya faɗa a zauren taron a watan Yuli cewa a ganinsa jama'a ne suka fi dacewa su yi zaɓen, amma akwai matsala mai nauyi: masu ikon jefa ƙuri'a sun fi yawa a Arewa, Kudu kuwa ba za ta sami wani tasiri ba ta fuskar bayinta, tun da bawa ba ya zaɓe. Majalisar masu zaɓe ta warware musu wannan, domin an riga an yi sulhu cewa wajen rabon kujerun majalisar wakilai za a lissafa kowane bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum, kuma adadin masu zaɓe yana bin adadin kujeru. Ma'anar wannan a fili ita ce, mutumin da aka sato kakansa daga gaɓar Afirka ta Yamma, aka hana shi mallakar ko da kansa, shi ne aka mayar da shi ƙarin nauyi a ma'aunin ubangidansa, har ya zama duk yawan bayin da jiha ta tara, yawan muryarta ke nan wajen naɗa shugaba. Bayan ƙidayar 1800 Fensilbaniya ta fi Bajiniya yawan 'ya'ya, wato waɗanda ba bayi ba, amma Bajiniya tana da masu zaɓe 24, Fensilbaniya 20. Kuma cikin shekaru 36 na farkon jamhuriyar, shekaru 32 masu bayi ne daga Bajiniya suka riƙe mulki.

Kada a ce ai wannan ya wuce da yaƙin basasa, gama abin da ya biyo baya ya fi muni ta wata fuska. Da aka 'yanta bayi sai aka koma lissafa baƙar fata cikakken mutum wajen rabon kujeru, jihohin Kudu suka ƙaru da masu zaɓe, sa'an nan suka hana waɗannan mutane jefa ƙuri'a da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da ta'addanci, har zuwa dokar haƙƙin zaɓe ta 1965. A ƙarƙashin ƙuri'ar kai tsaye, jihar da ta hana rabin mutanenta zaɓe ta rage wa kanta rabin murya. A ƙarƙashin majalisar masu zaɓe ba ta yi asarar kome ba. Tsarin da ba ya hukunta mai danne haƙƙi, bal ma yana ba shi lada, ba za a kira shi adali ba ko da wane irin ta'awili.

Akwai kuma wata al'ada da ta shigo daga baya, wadda ba ta cikin nassin tsarin mulki ko kaɗan, amma ita ce tushen mafi yawan ɓarnar yau: cewa wanda ya rinjaya a jiha, ko da da ƙuri'a ɗaya ne, shi zai kwashe masu zaɓenta duka. Jihohi sun ɗauke ta ne don son rai na jam'iyya, kamar yadda Bajiniya ta yi a 1800 don kada Jefferson ya rasa ko ɗaya, saura suka bi don kada a bar su a baya, har ta game ƙasa wajen 1836. Yau Maine da Nebraska kaɗai suke raba nasu. Sakamakonta shi ne a 2020 mutum miliyan 6 suka zaɓi Trump a Kalifoniya, adadin da bai samu ba a kowace jiha har da Teksas, amma ba su haifar masa da mai zaɓe ko ɗaya ba. Haka mutum fiye da miliyan 5 da suka zaɓi Joe Biden a Teksas. A shekarar 2020 ɗin Biden ya yi rinjaye da ƙuri'a miliyan 7, amma da mutum kimanin 43,000 da suka ba shi rata a Arizona da Jojiya da Wiskonsin sun zauna a gida, da an tashi 269 da 269, a miƙa al'amarin ga majalisar wakilai, inda kowace jiha, babba da ƙarama, ƙuri'a ɗaya gare ta. Ga kuma mutanen Fotoriko, sama da miliyan 3, 'yan ƙasa ne cikakku, suna shiga soja, ba su da ko mai zaɓe ɗaya saboda tsibirinsu ba jiha ba ne.

To, me masu kare tsarin suke cewa? Ba adalci ba ne a mayar da su jahilai, domin a cikinsu akwai masana na gaske. Suna cewa yana kare ƙananan jihohi. A lissafi gaskiya ne: Wayomin mai mutane kimanin 577,000 tana da masu zaɓe 3, Kalifoniya mai miliyan 39 da rabi tana da 54, wato ƙuri'ar mutumin Wayomin ta kusa ninka ta ɗan Kalifoniya sau huɗu. Amma a aikace ba ɗan takarar da yake taka Wayomin ko Bamont ko Dakota neman ƙuri'a, tun da an san inda suka karkata. A 2024 yaƙin neman zaɓe ya tattara ne a jihohi bakwai, Fensilbaniya da Mishigan da Wiskonsin da Jojiya da Arizona da Nebada da Karolina ta Arewa, galibinsu kuwa ba ƙanana ba ne. Wanda tsarin yake fifitawa shi ne jihar da ba a san inda za ta faɗa ba, kuma wannan fifiko ba shi da wata alaƙa da maslahar ƙasa; sa'a ce kawai ta yadda magoya bayan jam'iyyu suka rarrabu. Suna cewa kuma manyan birane za su mamaye ƙauyuka, alhali birane goma mafiya girma a Amurka, in aka haɗa su duka, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na jama'ar ƙasar ba.

Hujjarsu mai ƙarfi ita ce ta uku, kuma duk wanda ya rayu a ƙasa mai ƙabilu da addinai da yawa ya san nauyinta a jikinsa: cewa a tarayya mai faɗi bai kamata mutum ya hau mulki da ƙuri'un sashe ɗaya ba, ko da sashen ya fi yawa, domin sauran za su ga baƙo ne yake mulkinsu. Wannan tsoro halal ne. Abin tambaya shi ne ko majalisar masu zaɓe tana maganinsa, amsa kuwa ita ce ba ta yi: a 1860 Abraham Lincoln ya ci zaɓe ba tare da mai zaɓe ko ɗaya daga Kudu ba, sunansa ma bai fito a yawancin jihohin can ba, kuma tsarin bai hana yaƙi ba. Babu wani sharaɗi a cikinsa da ya wajabta wa ɗan takara ya yaɗu. 270 kawai ake nema, daga ko'ina suka fito.

A nan ne ƙwarewar Nijeriya take da abin faɗa, kuma da haƙƙinta, domin kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko ne daga Amurka, amma da ya zo kan hanyar zaɓensa sai ya bar wa jama'a kai tsaye, ya ɗora sharaɗi a sarari: mai nasara ya fi kowa yawan ƙuri'u, kuma ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na jihohi. Mutanen da ba su daɗe da fita daga yaƙin basasa ba sun kira cutar da sunanta, suka rubuta maganinta a nassi. Ba na cewa maganin ba shi da ɗaci. A zaɓen farko ma, na 1979, Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12 cikin 19, a Kano kuwa, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, ya tsaya a kusan kashi 20 cikin 100, aka shiga shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku wadda Kotun Ƙoli ta yanke a kan abokin takararsa Cif Obafemi Awolowo, kuma har yau ana jayayya a kanta. A 2023 ma an sake gardama a kan matsayin Abuja. Amma aibin a nan na lafazi ne da lissafi, wanda alƙalami mai kyau yana iya gyarawa. Asalin ƙa'idar, wato kowace ƙuri'a nauyinta ɗaya, kuma dole shugaba ya nemi yardar waɗanda ba nasa ba, ya tsaya daram, har Kenya da Indunusiya suna aiki da irinsa. Faransa ma, wadda majalisar masu zaɓe ta mutum kimanin 80,000 ta naɗa Janar de Gaulle a 1958, ta koma ƙuri'ar kai tsaye mai zagaye biyu bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1962, kuma irin wannan hanya ce Nijar ta bi a zaɓukanta.

Saura shubuha ɗaya wadda na yarda tana da tushe. Amurka ba ta da hukumar zaɓe ta ƙasa mai gudanar da zaɓe. Jihohi da ƙananan hukumomi ne suke yi, kowa da dokarsa ta rajista da katin shaida da ƙidaya. In aka yi zaɓe mai ƙunci irin na 1960, inda ratar John Kennedy da Richard Nixon ba ta kai kashi ɗaya cikin 500 na ƙuri'un ba, sake ƙirga ƙasa duka a ƙarƙashin dokoki 50 fitina ce babba. Ba a fafe gora ranar tafiya: wajibi ne duk gyaran da zai kawo ƙuri'ar kai tsaye ya zo tare da ƙa'ida ɗaya ta wanda ya cancanci zaɓe da yadda za a ƙirga. Amma a lura, tsarin yanzu ba ya rage wannan haɗari, yana yawaita shi ne, gama ratar ɗaruruwa a jiha ɗaya ta fi saurin aukuwa bisa ratar ɗaruruwa a cikin miliyan 150, kuma wanda yake nufin maguɗi ko matsa wa jami'i lamba ya san ƙofofi ƙalilan da zai ƙwanƙwasa.

Hanyar gyara ita ce mai wuya. Sauya tsarin mulki yana bukatar kashi biyu cikin uku na majalisu biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50. An kusa a 1969, bayan George Wallace, mai ra'ayin wariyar launin fata, ya kwashi masu zaɓe 46 a 1968 da nufin hana kowa kai wa ga rinjaye don ya yi ciniki da su: majalisar wakilai ta amince da ƙuri'ar kai tsaye da 338 a kan 70, Shugaba Nixon ya goyi baya, amma a 1970 dattawan Kudu irin su Strom Thurmond da Sam Ervin, tare da wasu na ƙananan jihohi, suka kashe ƙudurin Sanata Birch Bayh ta hanyar jan magana ba iyaka har aka kasa kai wa ga jefa ƙuri'a. Da wannan ƙofa ta rufe sai aka nemi wata: yarjejeniyar da jihohi suke ƙullawa cewa za su ba da masu zaɓensu ga duk wanda ya fi yawan ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya, amma ba za ta fara aiki ba sai masu shiga sun kai 270. Maryland ce ta fara a 2007, kuma zuwa 2024 jihohi 17 da birnin Washinton sun shiga, da masu zaɓe 209.

Ina tare da manufar wannan yarjejeniya, amma ba na sakin jiki da ita, domin hila ce, ko da ta halatta. Majalisar jihar da ta shiga yau tana iya fita gobe. Akwai saɓani a kan ko tana bukatar amincewar majalisar tarayya. Ba ta iya kawo ƙa'idar ƙidaya guda ɗaya, ba ta iya ɗora sharaɗin yaɗuwa ko zagaye na biyu. Kuma kusan duk jihohin da suka shiga masu karkata ne ga jam'iyyar Dimokurat, abin da ya sa 'yan Rifablikan suke kallonta a matsayin tarko, ko da yake a 2004 da mutum kimanin 60,000 sun sauya ra'ayi a Ohayo, da John Kerry ya hau mulki alhali Bush ya fi shi da miliyan 3. Al'amari mai girman naɗin shugaba bai kamata ya rataya a kan dabarar da rabin ƙasa suke ganin an yi musu ta bayan gida ba.

Amfaninta na gaskiya, a ganina, shi ne matsin lamba, kuma tarihin Amurka kansa ya nuna yadda hakan yake aiki. Har zuwa farkon ƙarni na 20 majalisun jihohi ne suke zaɓen sanatoci, majalisar dattawa kuwa ta yi ta toshe duk yunƙurin sauyawa, sai jihohi irin su Oregon suka fara ɗaure 'yan majalisunsu da alkawarin bin zaɓin jama'a, har abin ya yawaita, dattawan suka ga ba makawa, aka zartar da gyara na 17 a 1913. A 1963 kuma Kotun Ƙoli ta rushe tsarin jihar Jojiya na ba kowace gunduma ƙuri'un dunƙule wajen fitar da 'yan takarar gwamna da sanata, wanda ƙanen majalisar masu zaɓe ne a siffa da aiki, bisa hujjar cewa mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya gare shi. Ta kuma bayyana cewa abin da ya tsirar da majalisar ta tarayya daga irin wannan hukunci shi ne kasancewarta a cikin nassin tsarin mulki saboda dalilai na tarihi. Binciken ra'ayi na cibiyar Pew a 2024 ya nuna fiye da mutum shida cikin goma suna son a koma ƙuri'ar kai tsaye. Abin da ya rage a gabansu shi ne rubuta gyaran da zai haɗa abu uku, ƙuri'a mai nauyi ɗaya ga kowane ɗan ƙasa har da na Fotoriko, ƙa'idar ƙidaya guda, da sharaɗin yaɗuwa a jihohi wanda aka fayyace lissafinsa da lambobi cikakku, sa'an nan a nemo masa jihohi 38, waɗanda dole wasunsu su kasance ƙanana, wasu kuma na 'yan Rifablikan.